Ni In Taka Kuloci, Baba Ya Sa Giya

Goggo mai filin shawara, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimaka mini, kaina ya kulle, kuma kwana goma sha ɗaya suka rage in ba da amsa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji biyar karatuna ya tsaya. Kwana uku ina danna wannan saƙo a waya duk lokacin da muka tashi cin abinci a wurin aiki.

Ni mai sa tayil ne, shekarata ashirin da takwas, ni ne auta a gidanmu. Ban yi aure ba, ina zaune da Baba da Inna. Maganar mota ce, amma kada ki yi dariya tukuna.

Shekara huɗu da suka wuce muna aiki a wani gida da magada za su sayar, sai na ɗaga tamfol a gareji ina neman inda zan jingina kwalayen tayil. Nan na gan ta, tayoyinta duk sun kwanta, ɓera ya yi gida a kujera. Irin motar gudun nan ce, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har rufinta bai wuce ƙuguna ba. Masu sayen tsofaffin ƙarafa za a kira su kwashe ta, na roƙa aka bar mini. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba.

Goggo, na ga haƙuri. Bakaniken farko da na kai wa ya buɗe gabanta, ya leƙa, ya riƙe baki ya ce an sace mini inji. Ashe injin a baya yake, daidai bayan kujera. Na biyu ya zagaya ta sau ɗaya ya ce shi yana da iyali, ba ya taɓa abin da bai sani ba. Duk kasuwar kayan mota ba mai ko ƙusarta. Famfon ruwa na injin kaɗai wata bakwai na jira, da ya iso kuma na ƙirar wata shekarar ne, ramin ƙusa ɗaya bai hau ba. A waya na samu ƙungiyar masu irinta a wasu ƙasashe. Ba na jin yarensu, hoto nake turawa da ƙarar injin, wani dattijo a cikinsu ya zana mini da'ira a kan abin da zan kwance. Da haka muka tashe ta, shekara uku.

Da ta tashi ma ba a huta ba. Tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, sai na bi shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, na baya suna ta yi mini hon. Allah ya taimake ni aikina ya saba wa idona da gane tudu da kwari, daga nesa nake sanin hanyar da za ta kankare mata ciki. 'Yan layinmu suka sa mata Ƙadangaruwa. Fitilunta ɗagowa suke yi kamar fatar ido, ta hagu kuma takan maƙale, sai mai shagon bakin layi ya ce ga 'yar banzar nan tana kashe wa mutane ido. Inda ake sa kaya ko buhun siminti ɗaya ba ya ɗauka, don haka a babur nake zuwa aiki. Wanda bai san ni ba ya ɗauka ɗan masu kuɗi ne, wanda ya san ni ya ce mahaukaci. Amma in ta samu hanya mai kyau ta buɗe murya a bayan kunnena, wallahi nakan manta bayana yana ciwo.

Inna tana fama da gwiwa da ƙugu, sau biyu a mako ake kai ta asibiti gashin ƙashi. Bara na dage sai na kai ta da kaina, wai ta ga ɗanta ya yi mota. Shiga ta shigu da ƙyar. Fita ce ta gagara. A ƙofar asibiti, gaban mutane, sai da mai gadi da wasu mata biyu suka kama muka zaro ta, ɗankwalinta ya faɗi, takalminta ɗaya ya tsaya a ciki. Ba ta ce mini komai ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce wa matan Allah ya yi albarka. Tun ranar a motar haya take zuwa, a tsaya a bakin titi da sanda ana jiran wadda ba ta cika ba. In ta zo wuce Ƙadangaruwa a tsakar gida kau da kai take yi.

Yayata ta ce ta gaji da wannan wauta. Mijinta ya samo dillalin da ya san wani mutum da ke tara irin waɗannan motoci, zai karɓi tawa ya ba ni mota mai tsayi, kujera biyar, irin mai sa wa kanta giya. Zuwa ƙarshen wata suke son amsa. Yaya ta ce in ina da kunya ba sai an kai ƙarshen wata ba, wai na fifita abin wasa a kan gwiwar da ta goya ni. Rabin maganarta gaskiya ce. Sauran rabin kuma ban faɗa wa kowa ba, sai ke yau.

Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da biyar yana kan hanya. Shekara biyu ke nan mantuwa ta kama shi. Yana zaune a kujera yana naɗe hularsa yana warwarewa. Ni malam yake ce mini, yakan tambaye ni aikin me na zo yi gidan. Inna kuwa baiwar Allah yake ce mata. In ta kawo masa abinci ya yi ta godiya kamar baƙo, ita kuma ta juya kicin da sauri. Shekara arba'in da ɗaya da aurensu.

Wata safiya ina ɗumama motar, sai na gan shi tsaye a kaina, ya karkatar da kai yana saurare. Ya ce fulogi ɗaya ba ya ci. Na duba, haka ne. Shi ba jiki gare shi ba, na naɗe shi cikin kujera na ɗaura masa bel, muka fita titin bayan masana'antu, wanda ranar hutu ba kowa. Ina ta kallonsa na makara wajen sa giya ta uku, injin ya ɗaga murya. Kawai ya buge mini hannu ya cafki giyar, da ƙyar na riga shi taka kuloci. Ya sa ta tsaf, da hannun hagu ma, shi da ya saba da dama. Sannan ya ce, Auta, so kake ka kashe ta?

Goggo, fiye da shekara rabon da in ji wannan suna a bakinsa. Ban ga hanya sosai ba bayan nan.

Tun daga ranar kowane mako muke fita. Ni in taka kuloci, shi ya sa giya. Ba ma magana a kai, kunnensa ke gaya masa, ƙafata kuma tana jin motsin kafaɗarsa. Bai taɓa kuskure ba. Yana yi mini faɗa kan birki, yana ba ni labarin gadoji da masu faci da suka mutu tun kafin a haife ni. Na gwada shi a motar mijin Yaya mai sa wa kanta giya, ya yi ta lalube da hannu, da bai samu komai ba ya fara jan marfin ƙofa zai fita.

In muka kai wajen babban tankin ruwa, kullum sai ya ce mu juya haka nan, uwarku na can tana jira, ba ta cin abinci sai na dawo. Kullum. Mu juyo, mu shigo gida, in kashe mota, kafin in zagayo in buɗe masa ƙofa ya tafi, ya koma cikin mantuwarsa. Inna ta fito, ya ce sannu baiwar Allah.

Na kasa gaya mata. In na faɗa, na san halinta, cewa za ta yi a bar motar, ta ci gaba da tsayuwa a titi, kin ga na sayi farin cikina da gwiwarta. Kuma ina tsoron ta ji ciwo, a ce ƙarfe ya yi abin da ita ta kasa. In na ba da motar kuwa, na rufe ƙofa ɗaya tak da Baba ke leƙowa ta ciki, da hannuna. Kujerar fasinja ɗaya gare ni, ta yi wa ɗaya daidai ta wulaƙanta ɗaya. Wajen aiki in ɗaki ya karkace na san yadda zan raba karkatar kada ido ya gani. Wannan na auna ta kowane ɓangare ta ƙi. Me zan yi?

Naki,
Mai Ƙadangaruwa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Rubutunka ya fita sarai, kuma ban yi dariya ba sai a wurin injin da aka sace.

Fara cire wa kanka kwana goma sha ɗayan nan. Wa'adin dillali ne, ba naka ba. Mai tara irin waɗannan motoci ba zai same ta a kowane layi ba, kai ka fi kowa sani. Ka ce masa ba ka shirya ba. In ya tafi, wani zai zo.

Yayarka tana da gaskiya kan Inna. Ba daidai ba ne tsohuwa mai sanda ta tsaya a titi sau biyu a mako alhali tana da 'ya'ya. Amma wannan matsala ce ta wannan makon, ba sai an jira musayar mota ba. Ka ambaci motar mijin Yaya, ba ka ce me ya hana ta zuwa asibiti ba. Ku zauna ku raba: rana ɗaya su kai ta, ɗaya ranar ka yi magana da direban haya guda ya riƙa ɗaukar ta daga ƙofar gida. Kuma ban ga inda ka ce ka ba ta haƙuri kan abin da ya faru a ƙofar asibiti ba. Shirunta ba ya nufin ya wuce. Ka durƙusa ka ba ta.

Kada ka ga laifin Yaya kan abin da ka ɓoye mata. Da rabin labari ta yanke hukunci, kai ka riƙe sauran.

Game da Baba, ka gaya wa likitansa duk abin da ka gaya mini, ka ji ta bakinsa. Ku tsaya a titin da ba kowa, a hankali, da bel, ƙofa a kulle. Ranar da ka ga hannunsa ya fara ruɗewa, giya ta dawo hannunka, ya zauna ya ji ƙara kawai. Ka kuma ari wata mota mai giyar hannu ka gwada shi. In ya amsa mata, to musaya ta yi sauƙi, sai dai ka ce mai giyar hannu kake so. In bai amsa ba, ka riƙe Ƙadangaruwa muddin yana leƙowa ta cikinta. Ba zan ɓoye maka ba, irin wannan ciwo yawanci gaba yake yi. Wata rana ƙofar za ta iya rufewa ko da mota ko babu, kuma ba kai ka rufe ta ba. Lokacin sai ka yi shawarar sayarwa da zuciya ɗaya.

Inda ka yi kuskure babba shi ne ɓoye wa Inna. Ka zauna ka yanke mata abin da za ta iya ɗauka, matar da ta yi shekaru tana jiran direba. Maganar da Baba yake yi a wajen tanki ba taka ba ce, saƙonta ne, kai ɗan aike ne ka riƙe a aljihu. Kana tsoron ta yi kishin ƙarfe. Ni ina ganin macen da mijinta ke ce wa baiwar Allah shekara biyu, abin da take son sani ɗaya ne, ko tana nan a cikinsa. Kai ka sani, ita ba ta sani ba. Ka gaya mata kafin fitarku ta gaba, a natse, ku biyu. In ta yi kuka ka bar ta ta yi.

Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce da ka kashe mota yake tafiya. To, kada ka kashe. Ka ajiye wa Inna kujera a tsakar gida, a fili inda iska ke wucewa, daidai inda tagarsa za ta tsaya. Ku shigo injin yana aiki, gilashi a sauke, hannunsa a kan giya. Motar da ta yi mata ƙasa wajen shiga, ita ce za ta kawo fuskarsa daidai tata ba tare da ta sunkuya ba. Ban yi maka alkawarin zai gane ta ba. Wataƙila ranar farko ya ce baiwar Allah. Wanda ya jira famfon ruwa wata bakwai ba ni zan koya masa sake gwadawa ba. Ko bai gane ta ba, ya ce tana jira, bari ya dawo ya same ta tana jiran.

Allah ya ba Baba da Inna sauƙi, ya yi maka albarka, Auta.

Goggo