Masu Sauko da Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Yaya aiki, yaya maigida da yaran? Ina fata ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan sai godiya.

Kin tambayi jikin Baba. Hannun hagu ya fara motsi, ƙafafun ne dai har yanzu shiru. Amma Yaya, ba ƙafa ce ke cin Baba ba, Lahadi ce. Kin san gidanmu, can saman bene, ga matakala matsattsiya, ga kwana a tsakiya. Tun da aka hau da shi daga asibiti bai sake sauka ba. Malam Katikis yana kawo masa Jikin Kristi, yana karɓa da ladabi, amma da an buga ƙararrawar coci sai ya juya fuska bango, ranar ko cokali ba ya taɓawa. Ya ce shi kaɗai a ɗaki ba ikilisiya ba ne. Ina kallo yana ramewa, ni kuwa sai in shiga kicin in sha kukana.

Da na gaji, na kai ƙara wurin zumuntar maza. Suka ce mutum huɗu za su iya sauko da shi a kujera. Ga maigidana, ga Direba maƙwabcinmu. Sauran biyun Baba ya ce shi zai zaɓa, kuma kin san su wa ya zaɓa? Kafinta da Mai Walda! Ba ki nan aka yi rigimar bencinan coci. Kafinta ya ce na katako za a yi, Mai Walda ya ce katako abincin gara ne, Kafinta kuma ya ce ƙarfe tsatsa zai yi ya ɓata fararen zannuwan mata. Tun daga ranar ba sa ga maciji. Ɗaya yana zama dama, ɗaya hagu, don kada lokacin ba juna salama ya riske su kusa. Na ce wa Baba so yake su yar da shi a matakala, ya yi kamar bai ji ni ba. Kin dai san mahaifinki.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Saƙonki ya iso, man zafin ma ya iso, Baba yana sa miki albarka. Yaya jikin ƙaramin naki?

Albishirinki, Baba ya je coci, an yi Mas da shi! Amma kafin a kai ƙasa sai da aka sha fama. Mutanen naki suka iso fuska a murtuke, kowa ya gaida Baba, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Kafinta ya kama gaba, Mai Walda ya kama baya, a kujerar robar nan tamu. Da aka zo kwana sai ƙafar kujerar ta lanƙwashe, Baba ya zame gefe, na yi ihu. Kafinta ya daka wa Mai Walda tsawa ya ɗaga, shi kuma ya mayar masa da tsawa ya sauke nasa ɓangaren. Maganarsu ta farko ke nan, kuma faɗa ce, amma dai magana ce. Baba kuwa ko a jikinsa, yana ta jan carbin rozarinsa kamar a gado yake.

A coci mutane suka yi ta zuwa suna kama hannunsa. Da aka ɗauki waƙar shiga na ji muryarsa, da kyarma, amma tana nan. Da muka dawo ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Kujerar roba dai Kafinta da Mai Walda sun yarda ba ta da amfani, kuma kowa ya ce shi zai yi wata. Na ce musu ɗakina ba shago ba ne, guda ɗaya nake so. To, ga ta nan an kawo: mazauni da majingini na katako, hannaye da ƙafafu na ƙarfe. Yanzu kowace Lahadi musu suke yi a kan ɓangaren wa ke riƙe da Baba, daga sama har ƙasa. Direba ya ce gara lokacin da ba sa magana, kunnensa ya fi hutawa. Amma makon jiya na gan su a benci ɗaya.

Na bar ki lafiya.

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalin duka. Ki yi haƙuri da shiruna, abubuwa ne suka sha kaina.

Ƙofar ƙarfe ta faɗo wa Mai Walda a shago, ƙafarsa ta karye, an ɗaure ta har gwiwa. Gidansa kuma a lungu yake, mota ba ta shiga. Kujera ɗaya, masu bukata biyu. Ina cikin tunanin wanda zai maye gurbinsa wajen ɗaukar kujera sai Baba ya kira maigidana, ya ce ranar Lahadi su ɗauki kujerar su je su ɗauko Mai Walda, shi zai zauna. Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Na ce da ƙyar muka samu ya mayar da jiki, yanzu kuma za mu koma gidan jiya? Ya ce shi ya saba da zaman ɗaki, wancan bai saba ba, kada ɗakin ya cinye shi.

Kafinta ne ya fara isowa ɗaukar kujerar, yana ta mita wai mutumin ya fi Baba nauyi sau biyu, ƙarfen nasa ma ba lallai ya ɗauke shi ba. Ni na zauna da Baba. Da aka buga ƙararrawa na saci kallonsa. Bai juya fuska bango ba, rufe ido kawai ya yi.

Can bayan an tashi Mas sai na ji takun ƙafafu a matakala, ba na mutum ɗaya ba. Na buɗe ƙofa, ga Fada, limamin cocinmu, da kansa ɗauke da Jikin Kristi, bayansa Malam Katikis, bayansu matan zumunta da mawaƙa. Ɗakin ya cika, sauran suka tsaya a matakala, kowane taki da mutum, har ƙasa. Can ƙasan kuma Mai Walda ne a kujera, ƙafa a miƙe, Kafinta yana tsaye a kansa yana yi masa fifita da takardar waƙa. Ashe su biyun ne suka tare Fada a bakin ƙofa suka ce ba wanda zai tafi gida sai an biya ta wurin Baba.

Fada ya ce Ubangiji ya kasance tare da mu, amsar ta taso tun daga ƙasa tana hawowa har cikin ɗakin. Baba ya buɗe baki zai amsa tare da su, ya kasa. Ni na amsa masa, ina share masa fuska da bakin zanina.

Ki zo, Yaya. Ki zo ranar Lahadi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta