Yaya Kulu, Ɗanki Ya Mai da Hantsi Dare a Ɗakin Ɗorina

Zuwa ga Yayata Kulu, wadda ke kwance a maƙabartar Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar ga ta same ki cikin ni'ima. Ni ne Garba, maɗorin Aliero, wanda kika bari da taurin kai, kuma har yau bai ragu ba.

Kin san ban yi boko ba. Ɗiyata Saratu, wadda ke aure a Sabon Garin Jega, ita ke rubuta abin da nike faɗi, ita kuma za ta sa shi a waya inda kowa zai gani. Na hana ta gyara mini magana, amma ina ganin yatsanta yana tsallake wasu kalmomin. Ta ce matattu ba su karatun waya. Na ce na sani. Akwai mai rai guda da zai karanta, kuma dominsa nike yi.

Ɗanki nike nufi. Ɗan farina, mai sunan Baba, wanda kika ɗauke tun ranar yaye kika tahi da shi Maiyama. Ya haura shekara talatin, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina da magana, ke nike gaya wa, ke ki kai. Yanzu kin tahi, kunyar ba ta tahi ba. To ga saƙo, ki kai kamar yadda kika saba.

Bayan rasuwarki ya zo daga Kano da mota cike da kaya da mutum biyar. Daga bakin zaure ya gaishe ni, kansa ƙasa. Mijin Saratu ya aiko ya gaya mini cewa yana son ɗaukar hoton aikin gidanmu. Na ji daɗi har cikin ƙashina, ban dai nuna ba. Na ce a raina, yaron da ya guje wa ɗori ya bi 'yan fim, yau ya tuna da gado. Da kina nan da kin tsare shi: hoton mi, za a kai shi ina? Ni kuwa uba ba ya tsare ɗan fari da tambaya. Na ce a gaya masa ya yi. Kuskurena ke nan, kuma kunya ce ta sa ni.

Kin tuna dokar Baba. Ɗori a tsakar gida ake yin sa, da rana, dangin majinyaci na kallo. Yakan ce ƙashi ba ya son duhu. To da hantsi suka zo, rana tas, suka ce in shiga tsohon ɗakin da nike ajiye kara da tsumma. Suka toshe taga da baƙin ƙyalle, suka ja ƙofa, hantsi ya koma dare. Suka kunna fitila guda suka ajiye ta ƙasa kusa da ƙafata. Kyamarar ma ƙasa suka kwantar da ita, tana kallona kamar kaza na kallon shaho.

Suka kwantar mini da wani ƙato. Ina taɓa ƙafarsa na ji lafiyarta lau. Na ce a raina ko don koyarwa ne. Wani mai jar hula ya ce in shigo a hankali. Na shigo. Ya ce in ƙara sassautawa. Ya ce in rufe ido kamar yadda nike yi in ina laluben karaya, in yi tofi, sannan in buɗe ido farat ɗaya. Duk na yi. Ɗanki yana bayan kyamara.

Sai ranar kasuwar Jega, mai gyaran waya ya yafito ni yana dariya, ya ce Baba ashe ka zama dodo. Ya miƙo mini waya. Tallar fim ce, ba ta kai tsawon alwala ba. Labarin wani maɗori ne da marasa lafiya ke shiga ɗakinsa ba a sake ganinsu. Maɗorin kuwa ni ne. Rigata, hannuna, tabon goshina.

Yaya, na tsorata da kaina. Wallahi da a hanya na haɗu da mutumen nan da na kauce masa.

Kin san ni, ba a kayar da ni in tashi ban san da wace ƙafa aka kwashe ni ba. Na sa Saratu ta yi ta maimaita mini, ta tsayar, ta koma baya, har sai da na gano dabarar gaɓa gaɓa, kamar yadda nike bin ƙashi da yatsa.

Kyamarar da suka kwantar ƙasa, ita ta mai da ni dogo kamar giginya, ni da ko jakina ban fi tsawo da yawa ba. Fitilar ƙasa ta hasko ni ta haɓa, idanuna suka zama ramu biyu, rabin fuskata ya ɓace. Ba wanda Allah Ya halitta a gan shi da haske daga ƙasa. Rana daga sama take zuwa, shi ya sa mutum ke kama da mutum.

Akwai wurin da kyamara ke tahowa ta bayana a hankali, kamar ɓarawon akuya. Ba abin da ke faruwa, ina gyara tsumma ne kawai. Amma mai kallo cikinsa ya riga ya ɗuri ruwa, don an sa shi yana jiran abu.

Sauti kuwa nan ne babbar ha'incin. Tofina, ayar da Baba ya koya mana, sun ja ta, sun kaurara ta, ta koma gurnani. A ƙarƙashi suka sa wani ɗif, ɗif, kamar bugun zuciya, yana ƙara sauri, hotuna ma suna ƙara gudu: hannuna, idon ƙaton nan, ƙofa a rufe, wata mata tana leƙe. Sai komai ya ɗauke. Duhu, shiru. Shirun nan ya fi duk ƙarar muni, don a cikinsa mutum ke riƙe numfashi. Sannan ƙas! Ƙarar karyewa. Sai fuskata, ido buɗe.

Na san ƙarar nan. Ba ƙashi ba ne, na shekara hamsin ina jin kukan ƙashi. Karan dawata ne. A gabana wani ya zari guda cikin damin da nike ɗori da shi, ya karya a bakin abin ɗaukar murya mai gashi kamar wutsiyar rago. Karan da nike haɗa mutane da shi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba su nuna ina cutar kowa ba. Ko sau ɗaya. Sun bar wa mai kallo ya ƙarasa da zuciyarsa, ita kuwa zuciya ba ta ƙarasa alheri a cikin duhu. Don haka ba ni da ƙaryar da zan kama in kai gaban alƙali. Duk abin da ke ciki na yi shi.

Da dariyar kasuwa ce kawai, da na haɗiye. Da raguwar masu zuwa ɗori ce kawai, da na iya zama da gonar albasata. Amma ki ji wanga.

Akwai wani makiyayi, Bello, a rugar da ke bayan Dangamaji. Ni na ɗora ubansa, ni na ɗora wansa. Sa ya take shi, cinya ta karye. Har sun ɗauko shi za su kawo mini, matarsa ta kwanta a gaban mota, ta ce ta ga abin da tsohon nan ke yi wa mutane a waya. Su ba su san tallar fim ba, abin da ido ya gani shi ne gaskiya. Suka kai shi wurin wani mai ganye, ya ɗaure yadda ya ga dama.

Na ji labari na hau mashin na tahi. Ba su bar ni na taɓa shi ba. Mutanen da na ci tuwo da nono a ƙwaryarsu suka tsaya tsakanina da bukka. Amma ta ƙofa na hango ƙafar. Ta karkace waje, ta gajarce da kusan yatsa uku. Makiyayi, Yaya. Mutumen da abincinsa ke cikin tafiya.

Ƙashi na da lokaci. Yanzu ɗanye ne, in na sa hannu zan iya warware shi in mai da shi mazauninsa. In ya ƙara kwana goma ya kama, ya kama ke nan, Bello zai yi ɗingishi har kabari. Kuma duk takun da zai yi, da sunan gidanmu zai yi shi.

To ki ji abin da na yi wa ɗanki. Ashe fim ɗin bai ƙare ba. Sun saki tallar, duniya ta ga fuskata, saura aikin kwana biyu da ba mai yi sai ni. Ya aiko mijin Saratu wai in zo in ƙarasa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya sake aikowa, na ce a gaya masa ina ji. Ya kwaso mutanensa daga Kano suka sauka Jega, ni kuwa na tahi duba albasa. Saratu ta ce ya rame, ko wayarsa ta yi ƙara sai ya zabura. Madalla. Sana'arsa na koya. Na toshe masa taga, na ɗauke masa sauti, ya zauna cikin shiru ya ji yadda jira ke cin hanji. Ban ji tausayinsa ba, kada ki ce in ji.

Sai dai akwai abin da ya zo mini shekaranjiya ina yankan tsumma, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Kin tuna shekarar da ya faɗo daga mangwaron gidanki, yana ɗan bakwai? Kika goyo shi tun daga Maiyama, hannu na lilo. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, dole muka shiga ɗakin nan, aka kunna aci-balbal aka ajiye ƙasa. Yana kwance, ni ina tsaye a kansa. Na ja hannun, ya yi ƙara, ya kira ni. Ban amsa ba. Ban ce masa sannu ba, don idon mutane. Ke kika rungume shi. Da kuka tahi na koma bayan rumbu na yi kuka, kuma ba wanda ya sani sai yau.

Daga ƙasa ya gan ni, Yaya. Da fitila a ƙasa. Ina tsammanin abin da ya ɗauka ke nan, ya riƙe shi duk shekarun nan har ya samu na'urar nuna shi. In haka ne, ni da shi muna da magana, kuma na yarda ina da nawa laifin. Amma Bello bai ci masa komai ba.

Don haka ga saƙon. Ki gaya masa ya zo kafin kwana goman nan su cika. Ya zo da fitilarsa da baƙin ƙyallensa da abin ɗaukar muryar, mu tahi rugar Dangamaji da rana tsaka. Ya haska fuskarsa ta haɓa su ga shi ma ya zama dodo. Ya karya kara a gabansu su ji da kunnensu. Ya ce wa matar Bello shi ya shirya, ubansa bai taɓa cutar kowa ba. In sun yarda, shi zai riƙe mini kafaɗun Bello in na ja ƙafar, ya ji yadda ƙashin gaske ke kuka.

In ya yi haka, zan zauna masa kwana biyun nan, ya mai da ni duk dodon da yake so, in dai ya rubuta a kai cewa wasa ne. Kuma zan ce masa sannun da ban ce ba, ko da kunya za ta kashe ni.

In kuwa ƙashin ya kama bai zo ba, ranar kasuwar Jega zan tsaya a tsakiyar 'yan albasa in kira sunansa da bakina, karo na farko a duniya. Ba albarka za ta biyo baya ba. Kin san bakin uba, kin kuma san ni.

Ke kika rene shi, Yaya, ke kika san ƙofar zuciyarsa. Ni hannu kawai na sani. Na yi kewarki ƙwarai. Tun da kika tahi ba wanda ke ce mini Garba ka yi shiru haka nan, in kuwa yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan riƙon da kika yi masa. Allah Ya tsayar da ƙashin Bello ɗanye har mu iso. Allah Ya karyo zuciyar yaron nan zuwa gida, Ya kuma riƙe harshena, don ni na kusa kasa riƙe shi. Amin.

Ƙanenki da ke zaune a zaure yana sauraren ƙarar mota,
Garba Maɗori, Aliero.