Jirin da Ya Sa Na Ɓoye Robar Numfashi

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan Moshi Zango, Kumasi, sai godiya.

Kin ji an yi mini aikin ciki, amma ba ki ji sauran ba. Da za a sallame ni aka ba ni wata roba mai bututu da ƙwallaye a ciki, wai in riƙa zuƙar iska har su tashi, don huhuna ya buɗe. Kin san gaggawata. Na yi ta zuƙa ba hutawa, sai ɗaki ya kama juyawa, idona ya yi duhu. Wallahi na zaci tafiyar ce ta zo, har na kama salati. Na tura robar ƙarƙashin gado.

Da na koma wankin ciwo, nas ɗin, wata 'yar Asante, ta saurari ƙirjina ta ɓata rai. Na gaya mata dalili. Ta ce, "Hajiya, ba tsere ake yi ba, kakra kakra, kaɗan-kaɗan. Ki zauna sosai, ki ja a hankali, ki riƙe kaɗan, ki huta. In jiri ya zo ki ajiye har ya wuce. In ya ƙi, ki dawo mana."

Haka nake yi yanzu, jirin kuwa bai sake zuwa ba. Jiya da ƙafata na taka bakin titi na sayo koko, ban tsaya haki ba.

Ki sa ni a addu'a in koma rumfata ta kasuwar Adum kafin azumi. A gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza