An Aike Ni Roƙon Gada, Na Dawo Da Babur

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Mutanen garinmu sun aike ni in roƙa musu gada wajen ɗan takara, na je na roƙi wani abu daban, na dawo na ce musu na isar. Matar ƙanena ta mutu a bakin gulbin da ya kamata a yi gadar. Maganar ke nan. A ɓoye sunana da na garinmu. Don Allah kada ku zage ni, babu zagin da ban yi wa kaina ba. Ban yi makaranta ba, rubutun waya a tasha na koya, ku yi haƙuri da shi.

Ni manomi ne a da. 'Yan bindiga sun ɗauke ni a gona, na yi damina guda a daji a ɗaure. Kafin a sako ni an sayar da shanun huɗata da fadamata. Na fito ba ni da komai sai tabon igiya a ƙafa. Tun daga nan mutane suka ɗauke ni marar tsoro. Ba rashin tsoro ba ne, magana ce ta ƙare mini.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, mai neman kujerar ciyaman a wajenmu ya aiko cewa kowace mazaɓa ta tura mutum ɗaya gidansa na Gusau. Ya ce shi ba zai yi alkawari barkatai ba, aiki ɗaya zai yi wa kowace mazaɓa, wanda wakilinta ya faɗa da bakinsa. Muka zauna a ƙofar gidan Mai Gari bayan Juma'a. Wasu suka ce taki, wasu suka ce a gyara makaranta, wasu suka ce soja. Mai Gari ya ce soja ba na ciyaman ba ne, kuma ko an turo su, ta ina za su ƙetaro da damina? Gulbinmu da rani yara ke wasa a cikinsa, amma ranar da aka yi ruwan kirki sai ya raba mu da titi, ba asibiti, ba taki, ba mai kawo ɗauki. Aka tsaya a kan gada. Mai Gari ya dube ni ya ce, "Kai za ka tahi. Ba ka jin kunyar manya, ba ka da surutu. Kalma guda munka ba ka, ka kai ta." Ƙanena, bari in kira shi Sanusi, shi ya ara mini rigarsa ta sallah.

A ƙofar gidan ɗan takarar wani ɗan kwangila da ke bin sa ya ja ni gefe, ya tambaye ni abin da na zo da shi. Na ce gada. Ya yi dariya ya ce, "Malam, gada aikin gwamna ce, ina ciyaman ina gada? Ce mai rumfunan kasuwa." Na ce kasuwarmu ta daina ci tun da aka fara tare hanya. Ya ce ya sani. Sai ya nuna mini wani babur a jingine, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ce, "Gada ta kowa ce, wanga naka ne. Da ka rasa shanu, wa ya kawo maka ko ɗan akuya?" Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce, ba wanda ya kawo. Amma su ma mutanen garinmu me suke da shi? Ban tsaya na tambayi kaina ba.

Aka shiga. Wani ya ce rijiyar burtsatse, wani ya ce ɗakin shan magani. Da aka zo kaina na ce rumfunan kasuwa. Ɗan takarar ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ka tabbata? Ba ku ne masu gulbin nan ba?" Na ce na tabbata. Ku duba fa. Allah ya buɗe mini ƙofa, na sa hannu na rufe.

Na koma gida na ce na faɗa masa, ya amsa. Babur kuma na ce wani Alhaji ne ya ba ni in riƙa yi masa kabu-kabu. Na kwashe iyalina muka koma Gusau, ina ɗaukar fasinja zuwa Tsafe da Bungudu. Mutumin ya ci zaɓe, kuma ya cika. Masu burtsatse sun samu. Wata mazaɓa da ta roƙi gada an yi mata, ni da kaina na bi ta kai da fasinja. Mu aka gina mana rumfuna, awaki ke kwana a ciki. Garinmu kowa ya ce mun roƙi gada ya ba mu inuwar awaki, maƙaryaci ne. Ana zaginsa ina tayawa.

Damina ta biyu Sanusi ya kira ni da hantsi. Matarsa Luba ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ya ce, "Yaya, taho da mashin bakin gulbi, ga mu nan." Na iso na tarar gulbi ya kawo, yana tafe da itatuwa. Suna can ƙetare da ita a kan amalanke, ni ina nan, titi na bayana. Ina ganin launin zaninta. Sanusi ya tuɓe riga zai faɗa ruwa da ita, maza suka riƙe shi. Muna ta ihu wa juna, ruwa na cinye maganar. Wajen la'asar na ga mata sun ja mayafi sun rufe mata fuska. A kan baburin nake zaune lokacin. Wane irin mutum ne ni? Yarinyar da Sanusi ya aura, wadda ke aiko mini da fura duk lokacin da na je gida?

A wajen zaman makoki Sanusi ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kai ka yi naka. Allah ya isa tsakaninmu da mutumin nan." Na ce amin. Da bakina na ce amin. Jaririyar ta rayu, tana hannun matata, yanzu har tana gudu ta tarye ni in ta ji ƙarar babur. Da kuɗin kabu-kabun nan nake saya mata madara. Ban san ko halak nake ba ta ba.

Yanzu zaɓe ya sake zagayowa. 'Yan takara na yawo, wannan ya ce tsaro ne farko, wancan ya ce taki. Ciyaman yana neman komawa, kuma ranar Laraba zai zo garinmu. Sanusi ya rantse zai tsaya gaban jama'a ya tambaye shi ina gadar da ya yi alkawari. Jiya ya kira ni ya ce, "Yaya, kai ne shaida. Ka zo ka tsaya kusa da ni, ka hwaɗi abin da yac ce maka." Na san amsar da mutumin zai bayar, kuma wakilan sauran mazaɓu duk sun ji ni a ranar. In na ƙaryata shi, na ɗora wa wanda bai ci amana ba jinin da ke wuyana, garinmu ya juya wa wanda zai iya yi mana gadar baya. In na faɗi gaskiya, na rasa ƙanena. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu, shi ya yi ta yawon haɗa kuɗin fansata.

Na zauna da masu bindiga ban yi kuka ba. Sanusi nake tsoro. In same shi shi kaɗai kafin Laraba, ko in fara zuwa wajen Mai Gari? In sayar da babur, to in kai wa wa? Me zan yi?

Ina tashar Gusau yanzu, a zaune kan baburin. Rigarsa ta sallah tana cikin jakata, har yau ban mayar masa ba.