Bakin Malam Ilu Ya Mutu a Gaban Kwamiti

Laraba, bayan isha'i.

Kaina ciwo yake. Na daɗe ina lallashin Malam Ilu, manomin nan na wajen Baure, ya zo gaban kwamitinmu na sa ido kan 'yan sanda ya faɗi yadda aka karya wa ɗansa hannu a shingensu na hanyar Daura. Da ƙyar ya yarda, ni na ɗauko shi a babur.

Muna shiga, wa zan gani yana jera kujeru? Kofur ɗin da ya yi dukan. Har da rusunawa: "Sannu da zuwa, Baba."

Da babban 'yan sandan ya ce a yi bayani, Malam Ilu ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, faɗuwa yaron ya yi." Aka raba lemo, aka shafa fatiha.

A hanya na kasa haƙuri. "Haba Malam, ka ba ni kunya!"

Ya ce, "Malam Sani, kai a gari kake kwana. Ni duk ranar kasuwa ta shingen nan nake bi da awakina."

Har yanzu haushi nake ji, amma ba nasa ba. Mu ne muka yarda a yi zaman a ofishin 'yan sandan.