Kwat ɗin da Aka Auna a Jikin Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fata kina hutawa lafiya a wurin Ubangiji. Mu muna nan Kafanchan yadda kika bar mu, sai dai tsufa.

Jikata ce ta shiga aji biyu na sakandare, malamansu suka ce a fara shirin jami'a. Ta tambaye ni yadda na yi nawa shirin a shekarun saba'in. Na ce mata ba ni na yi ba, ke kika yi.

Kin tuna hutun da na dawo daga makarantar kwana ta wajen Zonkwa, ni ma ina aji biyu. Na kawo maganar shugaban makaranta, cewa mai son jami'a tun yanzu zai zaɓi darussansa, ya riƙa karatu ko a hutu. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ma ya yi nasa shirin. Ya yi magana da babbansu a loko, inda suke gyaran kan jirgin ƙasa, ƙarshen shekara zan bar makaranta in fara koyon aiki. Har yau ban ga laifinsa ba. Ƙanne ne rututu a bayana, hannu ɗaya ke ciyar da mu.

Ba ki yi musu ba. Ke dama ba kya musu, sai dai mutum ya waiwaya ya ga an gama.

Kika je Madakiya duba akuyarki, kika dawo da baƙin yadi, ba a sake jin labarin akuya ba. Kika roƙi Baba ya raka ki wurin telan bakin tasha a ɗinka min kwat, wai yaro tsawon ubansa zai yi, gara a auna a jikinsa. Kika zaɓi daidai lokacin tashi daga aiki. Baba na tsaye ya ware hannuwa, abokan aikinsa na wucewa, tela ya tambaya ko na biki ne. Kika amsa yadda na ƙetaren titi zai ji, cewa na jami'a ne, na ɗansa.

Ran Lahadi zumuntar mata ta coci suka yi wa kwat addu'a. Kafin mako ya zagayo, a loko Baban Jami'a suke kiran Baba.

Ya yi kwanaki yana cin tuwonki cikin fushi. Abin da kika ce kawai shi ne, "Yadin da aka yanka ba ya komawa kanti." Da hutu ya ƙare, shi da kansa ya ɗauki akwatina zuwa tashar mota.

Kika rataye kwat a ƙusa, saitin teburin da nake karatu. Kowane hutu sai kin saka min, ki dubi inda hannun ya rufe yatsuna, ki ce, "Saura kaɗan." Na ji tsoron kwat ɗin nan fiye da bulalar malamai, shi ya sa na yi karatu.

Saura kaɗan ɗin bai taɓa cika ba, Mama. Gajartar gidanku na ɗauko. Na shiga jami'a a Zariya da hannun kwat a naɗe. Ranar da muka gama, Baba ya ce in ba shi aro. Ya zauna masa cif. Bai dawo da shi ba, da shi kuma muka binne shi, yadda ya roƙa.

Sai da na tsufa na fara zargin tun farko kin san iyakar tsawona.

Ubangiji ya sāka miki, ya ƙara miki hutu a gabansa, cikin sunan Yesu. In kun haɗu da Baba, ki duba min ko har yanzu yana zaune masa daidai.

Ɗanki gajere,
Bitrus