Rawar da na ɓoye a kwalin waƙoƙin Zumunta

Anti Saudatu, don Allah ki taimake ni. 'Yata ta kama ni da abin da na hana ta, yau mako biyu ke nan daga gaisuwa ba ta ƙara mini komai.

Shekarata arba'in da ɗaya. A unguwar Levenshulme nake, nan ƙasar Turawa, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a cocinmu. Sirrina abin dariya ne: ina mutuwar son tsofaffin finafinan Amurka na 'yan sakandare masu rawa. Kin san irinsu. Gashi an tayar da shi kamar kwando, yarinya ba ta iya ko taka ƙafa ba, a sa kiɗa na minti uku, sai ga ta ta fi kowa a makarantar. Wanda aka ce shekararsa sha shida, kina ganinsa kin san ya ba talatin baya. Na san shirme ne. Amma ranar da na yi wa tsofaffi tara wanka, ƙafata ta kumbura, ba abin da ke sauke mini gajiya kamar su.

A Jos na fara kallonsu, gidan maƙwabtanmu masu bidiyo, ni da yayana Manasseh. Babanmu dattijon coci ne, ya hana, sai mu laɓe bayan ɗakin girki muna kwaikwayon rawar. Manasseh ya rasu tun kafin in zo ƙasar nan. Bara na ci karo da faifai shida na finafinan nan a wani shagon gwanjo a Stockport Road, na kwashe. Don kunya na zuba su a kwalayen waƙoƙin Zumunta, tunda na san yaran gidana ba za su taɓa waɗannan ba.

'Yata, bari in kira ta Celestina, shekararta sha biyar. Tana cikin ƙungiyar rawa a cibiyar matasa ta unguwarmu. Tun Janairu na cire ta. Na ce ga jarrabawa a gaba, kuma 'yar gidan mutunci ba ta girgiza jiki a gaban jama'a. Ta yi kuka, ban saurare ta ba.

Sai ƙanwar mijina ta zo daga Birmingham, ta ce a sa mata waƙoƙin gida. Celestina ce ta ɗauko kwalin Zumunta ɗaya ta sa faifan. Maimakon mata masu kaɗa tulu da kacau-kacau, sai ga samari suna tsalle a kan motoci. Baƙuwata ta yi dariya har da hawaye. Celestina ko murmushi ba ta yi ba. Ta buɗe sauran kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Turanci ni munafuka ce, ta haye sama.

Ƙarshen watan nan ƙungiyarsu za ta yi wasan ƙarshe, don za a rufe cibiyar, an ce council, wato ƙaramar hukuma, ba ta da kuɗi. Mijina ya ce in zubar da faifan, in tsaya a kan maganata. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi?

Wata uwa, Levenshulme

'Yar'uwa, kada ki zubar da faifan nan. Ba laifi ba ne mace ta huta da shirme bayan ta yini a tsaye, ni ma ina da nawa. Kuma ba gashin nan kike kallo ba, yayanki kike tunawa.

Celestina ta yi rashin ladabi, ba a ce wa uwa munafuka, ki gaya mata haka. Damuwarki kan jarrabawa ma tana kan hanya. Amma ki dubi abin ta wajenta: an ce mata rawa zubar da mutunci ce, sai ta tsince ta a cikin kwalin waƙar coci. Ɓoyewar ce ta fi yi mata ciwo.

Ki zaunar da ita, ki sa fim ɗaya, ki bar ta ta yi wa rigunan 'yan fim ɗin dariya. Ki ba ta labarin kawunta da bayan ɗakin girkin nan, na tabbata ba ta taɓa ji ba. Sannan ku yi sharaɗi da babanta a zaune: karatu kullum, atisaye sau biyu a mako, kaya na mutunci.

Ki hanzarta, domin jarrabawa ana iya sakewa, wannan wasan kuwa daga shi sai kulle ƙofa. Ke a ɓoye kika yi taki rawar, ba wanda ya tafa miki. Ki nemi a canza miki ranar aiki tun yanzu, ki je ki zauna a layin gaba inda za ta gan ki.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ta sa'ar jarrabawa.

Anti Saudatu